Shekara 10 da jirgin Germanwings: wa ke tsare fasinja daga wanda ya kulle ƙofa ta ciki?

Bashir_Essen
Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da shan ruwa. Gobe Litinin 24 ga Maris, shekara 10 ke nan cif da faɗuwar jirgin Germanwings, wani kamfanin Jamus, a tsaunukan Alps na Faransa a 2015. Ga wanda ya manta: Airbus A320 ne, ya taso daga Barcelona zai sauka Düsseldorf, da fasinja 144 da ma'aikata 6. Kyaftin ya tashi zai zaga, mataimakinsa Andreas Lubitz, ɗan shekara 27, ya kulle ƙofa ta ciki, ya murɗa maɓallin tsayi daga ƙafa 38,000 zuwa ƙafa 100. Minti goma da 'yan kai jirgin yana gangarowa, kyaftin yana bugun ƙofa, har suka daki dutse da ƙarfe 10:41 na safe. Ba wanda ya fita.

Garin Haltern am See, wanda ya rasa ɗalibai 16 da malamansu mata 2 daga makaranta ɗaya, bai kai tafiyar awa guda daga gidana ba. A watan Yunin shekarar ina kan hanyar kai kaya aka tsayar da mu, sai ga jerin fararen motocin ɗaukar gawa suna tafe a hankali, an ɗauko yaran daga filin jirgi za a kai su gida. Wani dattijo da ke gabana ya fito daga motarsa, ya cire hula, ya tsaya ƙyam har motar ƙarshe ta wuce. Har yau in na bi ta wurin sai na tuna shi.

Abin da ke damuna shi ne wannan. Bayan abin ya faru an ce daga yanzu dole mutum biyu su kasance a ɗakin matuƙa koyaushe, in ɗaya zai fita sai ma'aikacin jirgi ya shiga ya zauna. A 2017 kamfanonin Jamus suka janye dokar. Ni a ganina ganganci ne da rayukan mutane. Masu sanin harkar, ku faɗa mini inda na kuskure.

Maman_Ikram
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi ban san an janye ba. Ashe duk hawan da muke yi, in matuƙi ɗaya ya fita, ran mutum ɗari da wani abu yana hannun mutum guda? Ina da tafiya bayan Sallah, ka tayar mini da hankali Malam Bashir.

Injiniya_Kabiru
Hajiya kwantar da hankalinki, bari in yi bayani gwargwadon abin da na sani, don gyaran jirgi ne abincina.

Ƙofar nan ba haka take da ba. Bayan harin 11 ga Satumban 2001 ne aka tilasta a mayar da ita mai sulke, harsashin ƙaramar bindiga ba ya huda ta, kafaɗar ƙato ba ta karya ta. A jirgi irin A320 akwai ɗan makunni tsakanin matuƙan biyu mai matsayi uku: buɗe, daidai, kulle. Daga waje kuma akwai allon lambobi. In ka danna lambar neman izini, ƙararrawa za ta yi ƙara a ciki, su dube ka ta kyamara, su buɗe. Akwai lambar gaggawa ta daban, wadda aka tanada don ranar da duka matuƙan suka suma: ka danna, in ba wanda ya motsa a ciki na kamar daƙiƙa 30, ƙofa ta saki kanta na daƙiƙa 5. Amma in na ciki yana farke ya tura makunnin zuwa kulle, allon waje ya mutu ke nan na tsawon minti 5 zuwa 20, ya danganta da yadda kamfani ya saita. Da gangan aka yi haka, saboda ɗan fashin jirgi zai iya ɗora wa ma'aikaciya wuƙa a wuya ya karɓi lambar.

To ka ga, ƙofar ta yi aikin da aka ƙera ta domin shi. An gina ta ne a kan cewa maƙiyi yana waje. Ba wanda ya zauna ya yi lissafin ranar da zai kasance shi ne a kan kujera.

Bashir_Essen
Ai maganata ke nan Injiniya. Tunda ƙofar ba ta karyuwa, sai a ajiye wanda zai buɗe ta da hannu daga ciki. Mene ne wahala a nan?

Anti_Rabi_KD
Ƙanena Bashir, na yi shekara tara ina aikin cikin jirgi kafin aure ya zaunar da ni, kuma na zauna a kujerar nan da kake magana ba sau ɗaya ba. Zan gaya maka gaskiya. In kyaftin ya fita na shiga, abin da na sani shi ne ƙofa. Allon da ke gaban matuƙi, lambobi ne kore da ruwan ɗorawa suna ta canzawa. In mataimaki ya murɗa wani abu ya ce masu kula da zirga-zirga ne suka ba shi umarnin sauka ƙasa kaɗan, da me zan ƙaryata shi? Kuma jirgi a wannan tsayin, mai mugun nufi da ya san aikinsa ba ya buƙatar minti goma.

Amma duk da haka ina tare da kai rabi. Mutum in yana shi kaɗai, shaiɗan ya fi samun kunnensa. Ido kawai, a ce ga wata nan zaune a bayanka tana tambayarka ya iyali, yana iya karya niyya. Sannan ko ba mugunta, mutum na iya suma ko zuciyarsa ta buga. Ni dai a lokacina ban taɓa jin zaman nan ya zame mini nauyi ba.

Injiniya_Kabiru
Anti ta taɓo inda gizo ke saƙar. Hujjar da suka bayar a 2017 ita ce dokar ta sa ana yawan buɗe ƙofar, kuma ana daɗewa a buɗe: wannan ya fita, waccan ta shiga, sannan a sake musanya. Duk mai lura daga cikin fasinja zai gane lokacin. Na biyu, yawan mutanen da ke da hurumin shiga ɗakin ya ƙaru, kuma binciken da ake wa ma'aikacin da aka ɗauka wata uku da suka wuce bai kai na matuƙi ba. Hukumar kula da lafiyar jirage ta Turai, EASA, ita ce ta ba da shawarar kwana uku bayan haɗarin, ita ce kuma a 2016 ta sassauta ta ce kowane kamfani ya auna haɗarinsa da kansa. A Amurka kuwa tun kafin Germanwings suna da dokar mutum biyu, kuma ba su bar ta ba. Ke nan Hajiya Maman Ikram, ba ko'ina aka janye ba.

Mamane_Zinder
Salamu alaikum. Ni na karanta rahoton BEA, hukumar binciken haɗarin jirage ta Faransa, wanda ya fito a Maris na 2016, da Faransanci. Abu ɗaya ya tsaya mini a rai wanda ban ga an ambata a nan ba. Da safiyar ranar, a tafiyar zuwa Barcelona, da wannan jirgin da wannan kyaftin, lokacin da kyaftin ya fita na ɗan lokaci, Lubitz ya murɗa maɓallin zuwa ƙafa 100 sau da yawa, yana mayarwa. Ba wanda ya lura, domin dama an ba su umarnin su fara sauka. Wato gwaji ya yi. Da akwai mutum zaune a bayansa a tafiyar farko, ko da bai gane komai ba, shin zai yi gwajin? Kuma a tafiyar dawowa masu kula da sararin sama na Marseille sun kira shi sau 11 bai amsa ba. Na'urar naɗar murya ta ɗauki numfashinsa har ƙarshe.

Abba_Fagge
Ni tambayata daban ce. Da sunan mutumin nan Muhammad ko Usman, da me za a kira abin, in ba ta'addanci ba? Mutum ya kashe rai 149 da gangan, amma aka ce "ciwon damuwa". Mu kuwa ko wuƙar yanka albasa aka gani a jakarmu an gama yanke hukunci.

Sadiya_Jos
Abba, ciwon da kake ji na gane shi, kuma gaskiya ne cewa tambayar farko da 'yan jarida suka yi wa mai gabatar da ƙara na Marseille, Brice Robin, har da ta addinin mutumin. Amma an bincike gidansa da kwamfutarsa, ba a samu wata aƙida ko ƙungiya ko saƙon siyasa ba. Abin da aka samu takardun likita ne, har da takardar hutun rashin lafiya da ta haɗa da ranar, ya yayyaga ta bai kai wa kamfani ba. Gyaran da ya kamata mu nema shi ne a riƙa yi wa namu irin wannan binciken kafin a sa musu suna, ba a liƙa wa wannan sunan da bai dace da abin da aka gano ba.

Alhaji_Zango_Kumasi
Yaro Abba, ka tuna jirgin Masar na 1999? EgyptAir, ya tashi daga New York zai je Alƙahira, ya faɗa teku da mutum 217. Masu binciken Amurka suka ce mataimakin matuƙi ne ya tura shi ƙasa lokacin da kyaftin ya fita, Masarawa suka ce ƙarya ne, matsalar na'ura ce. An ji shi yana maimaita tawakkaltu alallah, sai aka yi ta fassara kalmar kamar wata shaida ce a kansa, alhali mu ko mota za mu tayar ita muke faɗa. Har yau ɓangarorin biyu ba su daidaita ba. A wancan jirgin ma kyaftin ya samu ya dawo ciki, ya kama sitiyari yana ja, bai hana ba. Saboda haka shiga ɗakin ma ba shi ne ƙarshen magana ba.

Injiniya_Kabiru
Baba Alhaji ya yi daidai. Kuma akwai wanda ya fi kusa da mu wanda duniya ta yi kamar ba ta gani ba. Ranar 29 ga Nuwamban 2013, jirgin kamfanin LAM na Mozambik, Embraer 190, daga Maputo zuwa Luanda, ya faɗi a gandun dajin Bwabwata a Namibiya. Mutum 33. Mataimaki ya fita bayan gida, kyaftin ya kulle ƙofa, ya saita jirgin ya yi ƙasa, ana jin bugun ƙofa a na'urar naɗar murya. Wata 16 kacal kafin Germanwings, kusan komai iri ɗaya. Ba a canza wata doka a Turai ba sai da abin ya zo gidansu. Wannan ya fi ƙona mini rai a kan duk wata muhawarar suna.

A 2014 kuma mataimakin matuƙin jirgin Habasha mai zuwa Rum ya kulle kyaftin a waje ya kai jirgin Geneva neman mafaka. Allah Ya sa shi ba kisa ya nufa ba.

Dakta_Hauwa
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Duk kun taru a bakin ƙofa, ni kuma ina ganin abin ya lalace tun makonni kafin a kai ga ƙofar.

Mutumin nan ya yi fama da matsanancin ciwon damuwa a 2008 zuwa 2009, har ya dakatar da karatun tuƙi, ya warke, aka ba shi takardar lafiya da sharaɗin in ciwon ya dawo ta faɗi. Daga Disamban 2014 ya fara ganin kamar idonsa na mutuwa, ba ya barci, yana yawo daga wannan likita zuwa wancan. Mai gabatar da ƙara ya ce likitoci 41 ya gani cikin shekara biyar. Mako biyu kafin haɗarin wani likita ya ga alamun taɓin hankali, ya ba da shawarar a kwantar da shi a asibitin ƙwaƙwalwa. Ba ɗaya daga cikinsu da ya sanar da kamfani ko hukuma, saboda a Jamus likitan da ya tona asirin majiyyaci yana iya fuskantar shari'a, kuma ba a fayyace musu a sarari yaushe ne tsaron jama'a ya rinjayi sirri ba. Takardar hutu kuwa a lokacin a hannun majiyyaci ake ba da ita, shi zai kai wurin aiki. In ya yaga, shi ke nan.

Na sha zama a irin wannan kujerar. Direban babbar mota ya zo mini da farfaɗiya, na ce ya ajiye tuƙi, ya kama gefen teburina da hannu biyu ya ce Dakta 'ya'yana bakwai. Ka san me ake ji a lokacin? In ka yi shiru, kana iya zama sanadin mutanen da ba ka taɓa gani ba. In ka yi magana, gobe ba direban da zai sake gaya maka gaskiya.

Bashir_Essen
Dakta, da girmamawa, rai 149 fa. Wane sirri ne ya kai wannan?

Dakta_Hauwa
Babu, Malam Bashir. A wannan mutumin, da alamun da aka gani a makonni biyun ƙarshe, ya kamata a ce wani ya ɗaga waya. BEA ma abin da ta nema ke nan, a rubuta ƙa'ida bayyananniya da za ta kare likitan da ya yi magana. Abin da nake tsoro shi ne a wuce gona da iri a ce duk matuƙin da ya je wurin likita da damuwa a kai rahotonsa. Ranar da aka yi haka, ba za ka rage marasa lafiya a sama ba, za ka rage masu zuwa asibiti ne kawai. Kuma don Allah mu kiyaye harshe: masu ciwon damuwa miliyoyi ne, kusan dukkansu ba sa cutar da kowa, mafi yawa kansu suke cinyewa a ɓoye. Akwai su a cikin zauren nan suna karanta mu.

Direba_Mai_Tirela
Dakta kamar da ni kike. Shekara 22 ina kan hanyar Legas zuwa Maiduguri. Akwai shekarar da na rasa ɗana, na yi wata huɗu ba na barcin kirki, ina tuƙi hawaye na zuba, wani lokaci in ga gada in ji wani tunani ya zo mini wanda ba zan rubuta shi a nan ba. Ban gaya wa maigidana ba, don na san a ranar zai karɓi makulli. Yaron motata ne ya lura. Bai ce mini komai ba, sai dai ya daina kwanciya a baya, ya dawo gaba ya zauna yana ta ja na da hira, ya ɓare goro ya miƙo mini. Daga baya wani aminina ya kai ni asibiti, aka ɗora ni a kan magani, alhamdulillahi. Shi ya sa da Anti Rabi ta ce ido kawai yana karya niyya, na ce wannan matar ta san abin da take faɗa. Ni ina bayan mutum biyu.

Maman_Ikram
Allah Ya jiƙan yaronka Malam, Ya sa mai ceto ne. Allah Ya saka wa yaron motar nan da alheri.

Sadiya_Jos
Amin. Kuma maganar makulli da ya yi ita ce ta Lubitz ma. Rahoton ya nuna kason da ya biya na kuɗin koyon tuƙi ya kai Yuro 60,000, akasari bashi ne, kuma awa 919 kawai ya tara a sama. In lasisi ya tafi, sana'a ta tafi, bashi na nan. Ba uzuri nake ba shi ba, Allah Ya kiyaye. Ina cewa ne duk tsarin da ya sa faɗin gaskiya ya zama asarar komai, to ya koya wa mutane ɓoyewa.

Kyaftin_Mai_Ritaya
'Ya'yana, na yi shekara 31 a wannan kujera, bari in ce wani abu a madadin waɗanda ake magana a kansu.

Makonnin da suka biyo bayan abin nan, fasinja na shigowa yana leƙa fuskarka kamar yana neman wani abu a idonka. Wasu matuƙan Germanwings ma sun kasa tashi a kwanakin farko saboda abin ya buge su. Ni da kaina na riƙa fitowa bakin ƙofa ina gaisa da mutane ɗaya bayan ɗaya, don su ga mutum ne mai iyali zai ja su.

Dokar mutum biyu ban ƙi ta ba, na yi aiki da ita. Amma kada ku ɗauka ita ce ta fi muhimmanci cikin abin da aka gyara. A 2018 Tarayyar Turai ta fitar da doka cewa dole a yi wa matuƙi gwajin halayya kafin ya fara aiki da kamfani, a riƙa gwajin giya ba zato, kuma kowane kamfani ya samar da shirin da matuƙi zai kira ɗan'uwansa matuƙi a asirce ya ce ba ni da lafiya, a taimake shi ya huta ya dawo ba tare da an kore shi ba. Wannan na ukun shi ne maganin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma matuƙi ba zai buɗe cikinsa ga manaja ba, sai ga wanda ya san zafin kujerar.

Game da ƙofa kuma, ku tuna tana da ranarta. A 2012 a Amurka, kyaftin ɗin wani jirgin JetBlue ya rikice a sama, mataimakinsa ya yi dabara har ya fita, ya kulle ƙofa, fasinjoji suka danne shi, aka sauka lafiya. Da akwai wata lambar da ke buɗewa ko na ciki bai so ba, da kyaftin ne mai riƙe da ita. Duk makullin da ka ƙera don mutumin kirki, ka ƙera wa mugu.

Abba_Fagge
Baba Kyaftin, to me zai hana a ba na ƙasa iko su karɓe jirgin daga nesa in sun ga yana gangarowa ba dalili?

Injiniya_Kabiru
Sai ka buɗe wata ƙofar da ba a gani, Abba. Duk hanyar da na ƙasa zai bi ya karɓi jirgi, mai kutse ma zai nema, kuma shi ba jirgi ɗaya zai kama ba. Abin da ya fi ba ni tsoro ma a yanzu shi ne maganar da masu ƙera jirage ke yi ta a bar matuƙi ɗaya a kan kujera a tsakiyar doguwar tafiya, ɗayan ya je ya kwanta. Ƙungiyoyin matuƙa suna ta yaƙi da ita. Muna nan muna jayayya a kan minti biyar na zagawa, ana can ana tattauna awanni.

Malam_Tukur_Gusau
Jama'a, akwai abin da aka yi a taron addu'ar da suka gudanar a babban cocin Cologne ranar 17 ga Afrilun 2015 wanda na daɗe ina juya shi. Sun kunna kyandir 150, wato har da na wanda ya yi aikin. Wasu iyalan abin ya yi musu ciwo ƙwarai. Daga baya da aka kafa alamar tunawa a kan dutsen da jirgin ya faɗi, wani dunƙule mai ruwan zinare, sai aka yi shi da ɓangarori 149.

A wurinmu ayar Ma'ida a bayyane take, wanda ya kashe rai ɗaya ba da haƙƙi ba kamar ya kashe mutane duka ne. Hadisi kuma ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku, cikinsu har da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Wanne ne ya hau kan mutumin nan? Wanda ya yi gwaji da safe, ya jira kyaftin ya fita, ya san makunnin da zai taɓa, akwai shiri a aikinsa. Amma likita ya ce a kwantar da shi mako biyu kafin nan. Ni ban isa in raba wannan ba, kuma ina jin tsoron wanda ya ce ya isa. Hukuncinsa na wurin Allah. Haƙƙin mutum 149 kuwa ba ya faɗuwa don an ce mai laifin ba shi da lafiya, yana komawa kan duk wanda ya sani ya yi shiru, gwargwadon saninsa da ikonsa.

Yar_Gwammaja
Malam, ni 149 zan kunna. Ku yi haƙuri.

Ina aji biyar na firamare jirgi ya faɗo unguwarmu a Kano, Mayun 2002, ranar Asabar da rana. Wannan haɗari ne, ba wanda ya yi da gangan, amma na san abin da ake nufi da a ce maka ga naka a cikin abin da aka tattara. Ƙawata da muke zuwa islamiyya tare tana cikin gidan da ya rushe. Mahaifiyarta har ta rasu ba ta yarda a taɓa allonta ba, yana nan jingine a bayan ƙofa da rubutun da ba ta wanke ba. Mu da muka san ƙaddara ce tsantsa haka muka ji. Ina ga uwar da aka ce mata wani ne ya zauna ya zaɓi ranar, kuma ɗiyarta 'yar shekara 15 ko 16 tana dawowa ne daga ziyarar makaranta ta mako guda? Sannan a ce ta zauna a coci tana kallon kyandir ɗinsa kusa da na 'yarta? Iyayensa su yi kukansu a gida, ba wanda ya hana su, su ma sun rasa ɗa. Amma ba a wuri ɗaya ba.

Bashir_Essen
'Yar'uwa, Allah Ya jiƙan ƙawarki. Abin da kika faɗa shi ne abin da na ji daga bakin mutane da yawa a nan. Abin da ya ƙara fama ciwon, a 2017, ranar cika shekara biyu daidai, mahaifin Lubitz ya kira taron 'yan jarida a Berlin yana cewa bai yarda ɗansa ya yi da gangan ba. Iyalai suna can gindin dutse a ƙauyen Le Vernet, kusa da inda jirgin ya faɗi, suna addu'a, shi yana nan yana magana. Uba ne, na sani, zuciya ba ta karɓar irin wannan. Amma ranar da ya zaɓa ta yi wa mutane zafi. Haka maganar diyya: Lufthansa, uwar kamfanin, ta fara ba da Yuro 50,000 kan kowane mamaci don buƙatun gaggawa, sannan ta yi tayin 25,000 na raɗaɗi, iyayen yaran Haltern suka rubuta wasiƙa a fili cewa tayin cin fuska ne. An yi shekaru ana shari'a.

Malam_Tukur_Gusau
'Yata ta Gwammaja, ban ce ki kunna 150 ba, kuma ba zan ce ba. Mai makoki ba a koya masa lissafi. Allah Ya haɗa ki da ƙawarki a Aljanna.

Mamane_Zinder
Mu koma kan tambayar farko. Na lissafa: Anti Rabi rabi, mai tirela eh, Kyaftin bai ƙi ba, Injiniya ban gane inda ya tsaya ba.

Injiniya_Kabiru
Malam Mamane ka kama ni. In ni ke da kamfani, zan riƙe dokar, in kuma horar da wanda zai shiga ya san abu biyu: yadda ake buɗe ƙofar da hannu, da lambar da ke nuna tsayin da aka saita. Wannan ba ya ɗaukar awa ɗaya a koya. Amma ba zan gaya wa fasinja cewa na toshe ramin ba, don ban toshe ba.

Dakta_Hauwa
Ni kuma zan tambayi kamfanin naka, Injiniya: matuƙin da ya zo ya ce maka ba ya barci wata biyu, albashinsa zai ci gaba ko zai tsaya? Amsar wannan ce za ta nuna mini ko zan hau jirginka.

Maman_Ikram
To ni yanzu da zan tashi bayan Sallah, akwai yadda zan san ko kamfanin da na yanki tikiti yana sa mutum biyu? Ko in tambaya a bakin jirgi?

Anti_Rabi_KD
Yawanci ba za su gaya miki ba Hajiya, maganar tsaro ce, an hana mu faɗa. Amma in kujerarki tana gaba za ki gani da idonki: za a ja labule ko a gindaya keken abinci a hanya, matuƙi ya fito, in kika ga ma'aikaciya ta shige ciki an rufe, to suna yi. Ki yi addu'arki ta hawa abin hawa ki zauna, Allah Ya kai ki lafiya.

Bashir_Essen
Na gode muku duka. Ban sauka daga ra'ayina ba, amma Dakta ta ƙara mini wani nauyin da ban zo da shi ba. Gobe in Allah Ya kai mu na nemi a sauya mini aikin safe, zan shiga jirgin ƙasa zuwa Haltern. Duk shekara da 10:41 ake yin shiru a harabar makarantar, inda aka rubuta sunayen su 18 a jikin allon ƙarfe. Zan tsaya daga baya, can wajen shinge, don wurin na iyayen ne.

Direba_Mai_Tirela
Malam Bashir in ka je ka tsaya har da ni. Ni gobe war haka ina tsakanin Potiskum da Damaturu, yaron motata yana gaba.